Ka-Fi-Kamfani da Amfilifayar Surukinsa

Ba wanda ya raɗa masa sunan Ka-Fi-Kamfani sai bakinsa. Duk abin da aka kawo masa gyara, fanka ce, tocila ce, dutsen guga ne, kafin ya kwance noti ɗaya sai ya girgiza kai ya ce, "Kamfanin da ya ƙera wannan bai gama karatu ba." Daga nan sai ya naɗe hannun riga ya shiga gyara wa kamfani kuskurensa. Fankar matar mai burodi ta zo tana 'yar ƙara, ta koma gida tana juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗaki maimakon ta bayar. Dutsen gugar tela kuwa, tun da ya taɓa shi bai ƙara yin sanyi ba sai an kashe wutar gidan gaba ɗaya. Da aka yi masa magana ya ce ai haka ake so, dutsen gugar da ke hucewa me ya raba shi da dutsen bakin hanya?

Wurin aikinsa wani tebur ne mai ƙafa uku da rabi a gindin bangon shagon Mai Aski. Rana ta gasa shi, ruwa ya jiƙa shi, wutar da yake aiki da ita ma ta Mai Aski ce, ya zaro waya ta taga. Abu ɗaya ke hana shi sukuni a duniya: shagon da ke jikin gidan surukinsa, wanda ya zauna a kulle tun da mai haya ya tashi. Shago ne mai ƙofar ƙarfe, da kantoci, da mitarsa ta kansa. Kullum in zai wuce sai ya tsaya ya leƙa ta kafar makulli, ya ga inda zai ajiye kujerar baƙi da inda zai rataye hotonsa.

Wata rana ya je gaida surukin nasa, Baba Mai Jita, ya tarar da shi a tsakar gida ya tasa amfilifayarsa gaba kamar mai jinya. Tsohuwar na'urar ƙara sauti ce irin mai kwalabe a ciki, waɗanda sai sun yi ja kafin murya ta fito, nauyinta kuwa sai ƙato. Da ita Baba ya yi kiɗan jita a ƙuruciyarsa. Ta girmi 'yarsa, matar Ka-Fi-Kamfani, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi lallaɓa ta. Ga shi an gayyace shi da abokansa biyu da suka rage, Mai Ganga da Mai Ƙaho, su yi wasa ranar buɗe sabon ɗakin taro na unguwa, ita kuma na'urar ta tsiro da sabon hali.

"Duba nan," in ji Baba, ya nuna wata kwalba mai ƙiba a gefe. "Wannan ce rektifaya. Wutar da ke fitowa daga taransifoma gaba take yi ta yi baya, ita ke tare ta ta ba ta hanya ɗaya kafin sauran su sha. To ta tsufa. In na kunna sai in ga shuɗin tartsatsi a cikinta, jiya har ta cinye min fis, ɗan abin nan mai yanke wuta in ta yi yawa."

"Kuskuren kamfani ne, Baba."

"Ban tambaye ka ba. Tsohon mai rediyo da ke duba min ita an yi masa aikin ido, an naɗe masa fuska, ba zai taɓa dalma ba sai bayan taro. Amma ya ce maganin ba wuya. Dayod biyu, 'yan ƙanana baƙaƙe. A yanke wayoyi biyun da ke kawo wa kwalbar wuta, a saka ɗaya a tsakiyar kowace, farin zoben da ke jikinsa ya kalli kwalba. Kamar masu gadi ne a bakin ƙofa. In kwalbar ta lalace daga ciki, su hana wuta juyowa ta ƙone taransifoma. Taransifomar nan kuwa in ta ƙone, ba a ƙara samun irinta ko a mafarki."

Cikin wannan dogon bayani kalmomi biyu kawai suka shiga kunnen Ka-Fi-Kamfani, dayod da masu gadi. Saura duk sun bi ta saman kansa sun wuce.

"Haba Baba, wannan ne ya hana ka sakewa? Ai ni da dayod muka tashi. Ko ido a rufe zan saka su."

"Mai ido a rufe ina da shi. Mai ido a buɗe nake nema."

"To ga ni. Sai dai aiki irin wannan, Baba, a gindin bango... da dai mutum yana da ɗan shago..."

Baba ya gane inda ya dosa. 'Yarsa ta sha yi masa maganar shagon nan, yana kawar da kai, saboda bangon shagon da na ɗakin kwanansa ɗaya ne. Amma taro ya ƙarato, ba shi da wani. Ya ce, "In ta kai ni ƙarshen wasa lafiya, makullin naka ne. In kuwa ka kashe min ita..."

"Ba ma za a kai nan ba, Baba."

A baro ya ɗauko ta, ya bi ta doguwar hanya don kowa ya gani. Duk wanda ya tambaya sai ya ce babban aiki ne aka rasa mai yi a gari. Ya tsaya shagon mai kayan gyara, ya buga kanta.

"Dayod."

"Guda nawa?"

"Cika min hannu."

"Aikin me za ka yi?"

"Gadin rektifaya."

"Ai biyu ake sawa."

"Biyu gadin talaka ne. Ni bataliya zan ajiye mata."

Mai kayan gyara ya cika masa hannu ya karɓi kuɗinsa, don shi ɗan kasuwa ne, ba malamin makaranta ba.

Da Mai Aski ya ga abin da aka sauke a gindin bangonsa, sai ya fito da reza a hannu. "Injiniya, wannan kuma gawar wa aka kawo?"

"Ka riƙe bakinka, mutumina. Kwanan nan zan bar maka bangonka. Shago ne a cikin akwatin nan."

"Allah ya sa. Ni dai wutata nake ji."

Ka-Fi-Kamfani ya kifa na'urar, ya buɗe cikinta, ya ga wayoyi kamar saiwar ciyawa. Bai tsaya neman waɗanda Baba ya ce ba. A ganinsa rashin adalci ne a ba kwalba ɗaya masu gadi a bar sauran a fili, don haka ya bi kowace kwalba, ƙafa bayan ƙafa, yana liƙa mata dayod da dalma. Wani na kallon gabas, wani na kallon yamma. Da ya gama ya kira masu jiran aski su zo su ga yadda ake aiki, ya danna makunni.

Kwalaben suka yi wani ja-ja na rashin lafiya. Lasifika ta yi gurnani, ta yi tari, wani abu ya ce ɗas a ciki, ɗan hayaƙi ya tashi.

"Soja ɗaya ya faɗi," in ji Mai Aski.

"Gwaji ne. Wanda ba shi da ƙarfi gara ya fita tun yanzu."

Ya zare waya daga soket, ya ɗauki sukundireba ya zura cikin na'urar da ƙarfin zuciya, tun da ai ya cire wuta. Abin da bai sani ba, irin waɗannan na'urori suna da wasu gwangwanaye da ake kira kafasito, aikinsu ajiye wuta, kuma ba sa sakinta don an cire soket. Sai jin fau aka yi. Sukundireba ta tashi sama, ta shiga ta taga, ta tsaga madubin Mai Aski daga sama har ƙasa. Shi kuwa gwanin sai ga shi zaune a cikin baro, ƙafafu a sama, hannunsa na rawa shi kaɗai.

Aka taru ana yi masa sannu. Ya miƙe yana karkaɗe wando, ya ce, "Gaisuwa ce. Ta gane hannun gwani ne."

"To madubina fa, shi ma gaishe shi ta yi?"

"Yanzu ai madubi biyu gare ka. Mutum biyu za su duba a lokaci guda."

Kashegari ya rushe bataliyar, ya bar biyu, kuma cikin ikon Allah ya dace da wayoyin da ake nufi. Sai maganar zobe. Ya tuna Baba ya ce wani abu game da inda zai kalla, amma ya zauna ya yi nasa lissafin. Mai gadi ai waje yake kallo, inda ɓarawo zai ɓullo. Wane mai gadi ne zai juya wa titi baya ya zuba wa matan gida ido? Ya juya zoben duka biyun suka ba kwalbar baya. Ta haka masu gadin suka tsare ƙofa da gaske, ba ɓarawo kaɗai ba, har mai gida suka hana shiga.

Ya kunna. Kwalabe suka yi ja mai kyau, gwanin sha'awa. Ya jona makirufo ya hura, ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama. Ko ƙwas.

Daidai nan matarsa ta iso da abincinsa a kwano. Mace ce da ba ta ɗaga murya, amma maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Ta ajiye kwanon ta tsaya.

"Zo ki saurara," in ji shi. "Kasa kunne. Me kika ji?"

"Ban ji komai ba."

"Yawwa! Da can in Baba ya kunna ba kya jin wani zuuu a ƙasa-ƙasa? Shekara da shekaru kamfani ya kasa kawar da shi. Yau ina yake?"

"Baban yara, ai gawa ma ba ta minshari."

Masu jiran aski suka kwashe da dariya. Ya harare su, ya rage murya. "Ke ba ki san aiki ba."

"Na san ubana. Ka ɗauki abin nan ka je wurin tsohon mai rediyo, bakinsa ai ba a ɗaure ba. Ka tambaye shi, ya faɗa maka, ka yi yadda ya ce."

"Ni? In tambayi mai ido a naɗe hanya?"

"Shi dai ban taɓa jin an tsamo shi daga baro ba. Ka tuna damina na tafe, kuma yaranka sun gaji da tsokanar da ake musu, wai ubansu ɗan gindin bango."

Wannan ta shige shi, don yana son yaransa, kuma yana jin kunyar teburin nan fiye da yadda yake nunawa. Da mai hankali ne da ya ɗauki baro ya tafi. Amma a ce gobe an ji Ka-Fi-Kamfani ya je ɗaukar darasi? Gara baron.

Sai ya zauna ya yi tunani, wanda a wurinsa shi ne mataki mafi haɗari. Kwalbar nan aikinta ba wa wuta hanya ɗaya. Dayod ma an ce aikinsa ke nan. To me ya sa matasa biyu masu jini a jika za su tsaya bayan tsohuwa suna jiran ta gama jan ƙafa? Ya mayar da wayoyin yadda suke, ya ɗauki sababbin dayod ya yi musu gada, daga ƙafar da wuta ke shiga zuwa ƙafar da take fita, suka tsallake kwalbar gaba ɗaya. Don kada a ce ya yi son kai a maganar zobe, ya sa ɗaya ya kalli ciki, ɗaya ya kalli waje.

Yana dannawa fis ya ce ɗas. Ya saka wani, shi ma ɗas. Ya laluba aljihu, babu saura.

"Fis ɗin zamani ba su da zuciya," in ji shi. Ya duƙa ya zaro ƙusa daga ƙafar teburinsa, ya datse ta daidai, ya cusa a gurbin fis. "Wannan ba ta san tsoro ba."

A cikin shago kuwa Mai Aski ya ɗora inji a kan Mahauci, wani ƙaton mutum mai gajeren haƙuri, ya share masa gefen dama tas, yana shirin tsallakawa hagu. Ka-Fi-Kamfani ya danna makunni. Na'urar ta yi wani nishi mai nauyi, fitilar shago ta lumshe, sai ɗif. Wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke, daga shagon aski har mai ɗinki har mai sayar da ƙanƙara.

Mahauci ya fito da ƙyallen aski a wuya, rabin kai na sheƙi, rabi daji. "Wane ne?"

Yatsu suka nuna wuri ɗaya.

"Yallaɓai, daga can babban layi ne," in ji Ka-Fi-Kamfani yana ja da baya. "Kuma wallahi askin nan ya karɓe ka. Haka matasa ke yi yanzu."

"In wutar nan ba ta dawo ba kafin in ƙirga awakina, kai ma zan yi maka irinsa. Da wuƙar aiki."

Mai Aski ya shafa haɓarsa ya ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Injiniya, daga yau kafin ka danna komai ka yi min sallama in zare injina."

Da aka gyara wutar layi, ya ciro gawarwakin masu gadin ya saka wasu, ai bataliya gare shi. Wannan karon ya juya su duka suka kalli gefe guda, ba don ya gane ba, sai don ita kaɗai ce hanyar da bai gwada ba. Ya yi wa Mai Aski sallama, ya runtse ido, ya danna. Ba ɗas, ba ɗif. Ya ɗauki makirufo ya ce, "Gwaji."

Tantabarun kan rufi suka watse. Wani jariri a tsallaken titi ya fashe da kuka. Murya ce ta fito wadda na'urar nan ba ta taɓa yi ba tun tana sabuwa, saboda tsohuwar kwalbar da yake rainawa takan rage wa wuta ƙarfi, ta kuma sake ta a hankali. Yanzu ba mai ragewa. Wuta na faɗa wa tsofaffin gwangwanayen nan da dukan ƙarfinta, su da suka yi shekaru ana shayar da su da cokali.

Ranar, unguwa ba ta huta ba. Ya gaida mai burodi ta lasifika, ya gaida tela, ya sanar da buɗe sabon shago nan ba da jimawa ba. Matarsa da ta zo ɗaukar kwano ta ɗora yatsa a kan ɗaya daga gwangwanayen ta janye da sauri.

"Wannan ya yi zafi. Kuma kansa ya kumbura."

"Ƙiba ce. Ya samu abinci."

"Yana wari."

"Ƙamshin aiki ne." Ya ɗauko salatif ya naɗe gwangwanin tam, ya rufe akwatin.

Bai mayar wa Baba da ita ba sai ranar taro, a ƙofar ɗakin, lokacin da ba halin buɗewa. Baba ya zo cikin tsohuwar kwat ɗinsa ta wasa, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa.

"Biyu ka saka?"

"Biyu cif, Baba."

"Zoben fa?"

"Yana kallon inda ya dace."

Baba ya jona jita ya taɓa tsirkiya ɗaya. Gilashin taga ya amsa. Ya ɗaga kai a hankali. "Ba muryarta ba ce wannan."

"Ƙuruciyarta ce ta dawo."

Ɗaki ya cika maƙil da yamma, mata da maza da yara, fankoki na juyawa. Mahauci na layin gaba da kai a aske tas. Shugaban unguwa ya yi jawabin da ya fi ginin tsawo, sannan aka ba tsofaffi fili. Mai Ganga, wanda kunnensa ya yi nauyi tun tuni, ya rufe ido ya ɗauko kiɗa. Mai Ƙaho ya bi. Baba ya shigo da jita, sai ɗakin ya yi tsit, sannan ya ɓarke da tafi. Tsofaffin mata suka fara rausaya a kan kujeru suna tuna abin da ba za su faɗa wa jikoki ba. Baba ya yi farin ciki irin wanda 'yarsa ba ta ga ya yi ba tun rasuwar mahaifiyarta, har ta share ido da gefen mayafi.

Da Ka-Fi-Kamfani ya zauna a inda aka ajiye shi, mai yiwuwa da gwangwanin ya daure har ƙarshe, don saura waƙa ɗaya. Amma tafin nan yana ƙona shi. Ana ta yaba yatsun Baba, ba wanda ya tambayi wa ya ba yatsun murya. Ana tsakiyar waƙar ƙarshe sai ga shi a kan dandamali, ya karɓe makirufon shugaba.

"Jama'a, kada ku daina tafi, amma ku san wa kuke tafa wa! Kamfani ya ce na'urar nan ba ta aiki sai da wannan kwalba. Masu rediyo sun ce a yi mata gadi. Ni kuwa na ce ta yi ritaya. Ku zuba ido!"

Baba ya zaro ido yana girgiza masa kai, hannunsa bai bar jita ba. Ka-Fi-Kamfani ya zagaya bayan na'urar, ya cafki rektifaya ya fizge. Ya manta abu ɗaya, kwalbar da ta yi awa tana ci ba a kama ta da hannu. Ya jefa ta hagu, hagu ta jefa wa dama, ya tare da ƙirji, ya yi wata rawa da ba ta cikin kiɗan. Kwalbar ta sulluɓe ta faɗi ƙasa ta tarwatse.

Abin mamaki, jita ba ta yi shiru ba. Ɗakin ya ɗauki sowa. Ka-Fi-Kamfani ya ɗaga hannayensa biyu da suka soma tashi, yana hura su yana ihu, "Kun gani? Kun gani? Wa ya fi..."

Sai wani siii ya taso daga cikin akwatin, kamar tulun shayi ya tafasa. Matarsa ta ja yaranta ƙasan kujera. Ƙarar da ta biyo baya har a bakin titi an ji ta. Gwangwanin ya yi bindiga, salatif da komai, ya watso wasu tarkacen takarda masu wari suka sauka a kan shugaban unguwa da manyan baƙi. A nan ne fis ya kamata ya sadaukar da ransa ya yanke wuta. Amma ƙusa ce a wurin, ita kuwa an ce ba ta san tsoro ba. Ta tsaya daram, taransifoma ta yi ta sha har ta fara tafasa, baƙin hayaƙi mai warin kwalta ya turnuƙe dandamali. Fankokin sabon ɗaki suka tsaya cak, wutar ginin ta ɗauke ranar buɗe shi.

Jama'a suka yi ƙofa, wasu ta taga. Mai Ƙaho ya rungume ƙahonsa ya dira daga dandamali kamar yaro. Mai Ganga kaɗai bai san an yi ba, idonsa a rufe, yana ta zuba kiɗa cikin hayaƙi yana murmushi, sai da Mahauci ya je ya ɗauke shi da kujerarsa.

Da hayaƙi ya lafa aka dawo a hankali. Baba na zaune a gefen dandamali, jita a cinya, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin da ya yi baƙi. Can ya sa filaya ya zaro abin da ke gurbin fis, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Wannan fa?"

"Baba, wato, a kimiyyance..."

"Baban yara," in ji matarsa, "in ka ƙara kalma ɗaya, a baro za ka kwana."

"Na ɗauke ta a kaina zuwa wasa tun ba ni da keke," in ji Baba. "Ruwa ya dake ta, ta faɗo daga mota, ba ta mutu ba. Sai da na ba ta mai gadi." Ya ajiye ƙusar. "Makulli kuwa, ka ji sharaɗi da kunnenka."

Ka-Fi-Kamfani ya sunkuyar da kai. Ya ga idon tsohon, ya kuma ga yaransa suna kallonsa. Sai ga Mai Aski ya matso ya durƙusa.

"Baba, don girman Allah ka ba shi shagon."

"Me ka ce?"

"In ba ka ba shi ba, gindin bangona zai dawo. Madubi ɗaya ya rage min, shi ma biyu ne."

"A ba shi," in ji Mahauci yana shafa kai. "Aƙalla mu san inda yake."

Tela ya sa baki, matar mai burodi ta sa baki, har shugaban unguwa, da takarda a gira, ya ce al'umma na roƙo. Baba ya dubi jama'a, ya dubi 'yarsa da jikokinsa. Ya ce, "Gobe da safe ya zo."

Kafin gari ya gama wayewa bakin Ka-Fi-Kamfani ya warke. Ya iso da teburinsa a ka, hannaye naɗe da bandeji, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa jama'a da kansu suka nemi a ba shi. Ya tarar da ƙofar shago a buɗe, Baba a tsaye kan kujera da filaya a hannu. Inda mita take, rami ne. Inda soket yake, an shafe da siminti ɗanye. Ko wayar fitila babu, an zare ta har saiwa.

"Baba, wutar fa?"

"Ga makullinka."

"To me zan gyara ba wuta?"

"Abin da ba ya kashe mutum." Baba ya sauko, ya nuna babbar kanta da ke kallon ƙofa. A kai ƙonanniyar amfilifaya ce zaune, baƙa ƙirin, har yanzu tana wari. "Wannan kuma nan za ta zauna. Ba a rufe ta, ba a matsar da ita. Ranar da ta bar kantar nan, kai ma ka bar shagon."

Ya karkaɗe hannu ya shige gida.

Ba a jima ba sai ga wata baƙuwa, sabuwar zuwa unguwar, rungume da rediyonta. Ka-Fi-Kamfani ya miƙe da fara'a, ya goge kujera, ya miƙa hannaye biyu masu bandeji. Matar ta dubi hannayen. Ta dubi abin da ke kan kanta, ta shaƙi warin.

"Wannan kai ka gyara?"

Ya buɗe baki. Ta ƙara ƙanƙame rediyonta, ta ce, "Bari dai, ai yana ɗan kamawa in an bubbuga shi," ta juya ta fita da sauri.